Ƙwaƙwalwar da Ta Ɓata Zane

Farfesa ta sake danna madanni, hoton ya fito yadda ya saba: ƙwaƙwalwar mutum a allon kwamfuta, zare ja da shuɗi sun ratsa ta daga sashe zuwa sashe. Kowane zare yana nuna wuraren da ke aiki tare idan mutum ya kwanta shiru cikin na'urar ɗaukar hoto.

Ƙwaƙwalen masu lafiyar da suka ba da kansu don bincikenta duk sun fito tsaf, kamar saƙar tabarma. Ban da guda ɗaya. A cikinta, zaren da ke haɗa ma'ajiyar tunawa da sauran sassa ya tsittsinke, ya bar rami. Ita kaɗai ta dagula zanen da Farfesa za ta kai taro ranar Litinin.

Ta ja tsaki. Ta zargi na'ura, ta zargi lissafi, ta zargi mai ƙwaƙwalwar da motsa kai. Ta sake tace bayanan tun daga tushe, rami yana nan daram. Shayinta ya huce kusa da wani kofin da ya riga shi hucewa.

Abin da ya fi ci mata rai, ta san irin wannan ramin. Ta sha ganinsa wurin masu cutar mantuwa. In ba na'ura ce ta yi ƙarya ba, to akwai wani bawan Allah da ke harkarsa a gari bai san abin da ke tafe ba. Ga shi dokar da ta kafa da kanta ta ɗaure ta: hoto lamba yake ɗauka, ba suna ba, kuma Dogo mai kula da na'ura kaɗai ya san mai kowace lamba.

Ta sauka ɗakinsa a fusace, ta ɗora hoton a gabansa.

"Dogo, doka ko ba doka, yau sai ka faɗa mini mai wannan ƙwaƙwalwar. Dole a kira shi ya ga likita."

Dogo bai ko dubi hoton ba. Ya jawo mata kujera, ya tura ƙofa a hankali.

"Ranar da mutum ɗaya bai zo ɗaukar hoto ba, sai kika cire 'yan kunnenki kika kwanta a madadinsa," ya ce. "Taki ce, Farfesa. Kuma wallahi ba yau na fara gaya miki ba."