Hodar Farfesa

Kafin ta jiƙa farar rigar aikinsa, matar Farfesa sai ta lalube aljihu. Shekara talatin tana tsinto alli, makulli da biro marar murfi a ciki.

"Mutumin da zai raba ruwa gida biyu, ga famfon gidansa na ɗiga tun bara," in ji ta.

 A ganin Farfesa, mai shirin sauya duniya ba ya tsayawa kan famfo.

Shekara ashirin da shida ya yi a kan hoda ɗaya. Ƙwayar ƙarfen kobalt ce ya kewaye da wasu sinadarai, kamar kaza da 'yan tsakinta. In an zuba ta a tulun gilashi, aka sa wutar da ba ta fi ta batirin tocila ba, sai ruwa ya rabu iska biyu, wadda ake shaƙa da wadda ke kama wuta. Hodar fara ce, tana shiga ruwa take ɓacewa. Ita ta ba shi kujerar farfesa da ofis mai labule, har da ɗan tumbi.

Matsalar guda ce. A ɗakin gwajinsa kaɗai take aiki. Duk wanda ya gwada a wani wuri sai ya ga ruwa kwance abinsa.

Wadda ta fara faɗa da ƙarfi tsohuwar ɗalibarsa ce, yanzu Dakta. Tun tana gabansa ta taɓa nuna wata tsohuwar wayar wuta mai tsatsa da ke tsome a tulun, wadda ya gada daga malaminsa.

"Malam, me zai hana mu gwada ba hoda? Kada a je wayar ce ke aikin."

Ran nan ya tattara mata littattafanta. Ɗan da ka koya wa tafiya ne zai ce ƙafarka karkatacciya ce? To ga shi duniya ta juya, jami'a ta kafa kwamiti ya tantance aikin, kuma Dakta ce shugabarsa. In ruwa bai rabu a gabansu ba, za a janye takardunsa duka, ya yi ritaya da sunan maƙaryaci. Tsoro ya kama shi sosai, ko da yake bai gaya wa kowa ba.

Wata takwas ana haɗa hodar kafin a sami cikin cokalin shayi, kuma 'yar kwalba ɗaya ta rage. Da hannunsa ya liƙe bakinta da jan kaki. Ajiya a firji da zubawa a tulu aikin Baba Mai-kwalabe ne, dattijon da ke kula da ɗakin gwajin, don rabon Farfesa da riƙe cokali tun hannunsa ya soma rawa. Amma a makon nan ya hango Baba yana gaisawa da Dakta a bakin ƙofa, har da dariya. Tun daga lokacin ya daina yarda da firji, ya daina yarda da Baba.

Ranar gwaji kwamiti ya iso kafin lokaci. Shugaban jami'a ya biyo su, mai hoto ya biyo shi. Farfesa ya ja farar rigarsa, ya shiga jawabi, ya faro tun daga ranar da ya fara ganin kumfa. Baba ya cika tulu, ya tsoma waya, ya matso yana sosa ƙeya.

"Ranka ya daɗe, saura..."

"Saura me? Shekara nawa kana wannan aikin? Kunna!"

Baba ya dubi baƙin, ya dubi maigidansa, ya kunna.

Minti ɗaya ba komai. Gumi ya tsatso wa Farfesa har cikin takalmi. Sai ga kumfa ɗaya ta taso daga jikin wayar, wata ta biyo ta, kafin ka ce kwabo tulun ya ɗauka kamar tukunya a kan murhu. Allurar ma'auni ta wuce inda ta saba tsayawa, ta ci gaba da hawa, sai da ta ninka.

Farfesa bai taɓa ganin haka ba a rayuwarsa. Ya gyara tsayuwa kamar dama abin da yake jira ke nan.

Dakta ta cire tabarau, ta duba ma'aunin sau uku. A gaban kowa ta rusuna.

"Malam, ka yafe mini. Ban taɓa ganin hoda mai ƙarfin wannan ba. Saura cika ƙa'ida kawai. Gobe mu kunna shi ba hoda, a rubuta cewa bai motsa ba, a rufe magana."

"Ku kunna sau goma," in ji Farfesa. "A kira 'yan jarida ma."

Baba ya sake matsowa. Farfesa ya dafa kafaɗarsa, ya ce ya yafe masa shi ma, ya wuce.

Da yamma ya shiga gida yana 'yar waƙa. Ya jefa rigar a kwandon wanki, ya miƙe a kujera, ya ce gobe a kira mai gyaran famfo, a sa sabo fil. Yana lissafa waɗanda zai ƙi gaisarwa a taron gaba, sai ya ji muryar matarsa daga wajen wanki.

"Baban yara, wannan 'yar kwalbar mai jan kaki da ke aljihunka, ko buɗe ta ba a yi ba. In ajiye maka, ko ba ta da amfani?"