Harajin Diyyar da Ba Ta Iso Ba

Zauna ka ji abin da ya sami wani manomi, tun da kai ma irin takardarsa ce ta hana ka sukuni.

Mutumin yana da fadama a bakin rafi, shinkafa da damina, albasa da rani. Wata shekara gwamnati ta zo haƙa magudanar ruwan noman rani, masu awon fili suka kafa turaku, suka yanke masa sulusin fadamar, gefen da ya fi danshi. Aka ce za a biya diyya, aka rubuta sunansa, ya dangwala yatsa. Damina ta sauka ta ɗauke, ko sisi bai gani ba. Sai ga takarda daga masu haraji, wai an ba su rahoto gwamnati ta biya shi kuɗin fili a bana, don haka ya kawo harajin kuɗin kafin wata uku, in ba haka ba a ɗora masa tara. Da aka karanta masa adadin, ya waiwaya ya dubi shanun huɗarsa biyu a turke. Sai ya sayar da ɗaya zai iya biya, kuma in ɗaya ya tafi garma ta kwanta ke nan. Maƙwabcinsa na gona, wanda shi ma aka yanke wa fili, ya riga ya sami hanya: wani ɗan kamasho ya karɓi rago a hannunsa, ya sa aka goge sunansa daga jerin. Maƙwabcin ya ce da manomin, "Malam, wa ya taɓa ja da hukuma ya ci? Ba da rago ka huta." Manomin ya ce, "Ni ban ƙi haraji ba. Amma ko zakka ba a fidda ta daga gonar da ba a girbe ba. Ba zan sayar da sa ba, ba kuma zan ɓuya ba."

Ranar kasuwa ya hau mota zuwa birni. Masu haraji suka ce su abin da aka turo musu suke bi, in bai karɓa ba ya kawo shaida a rubuce. Ofishin filaye suka ce su da zarar an amince da biya, a littafinsu an biya ke nan, sauran magana tana baitulmali. A baitulmali wani akawu ya buɗe littafi ya ce gaskiya ne, ba a saki kuɗin ba tukuna. Manomin ya roƙe shi ya rubuta abin da bakinsa ya faɗa. Akawun ya ce wannan sai ma'aji, ma'aji kuwa ya yi tafiya. Manomin ya koma gida hannu rabbana, kuɗin mota ya tafi. Kasuwa ta zagayo ya dawo, aka ce ma'aji yana taro. Ta sake zagayowa aka ce hatimi yana wurin wani. Bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba. Yakan iso da hantsi, ya gai da kowa, ya zauna a benci ƙarƙashin darbejiya da gorar ruwansa da takardarsa cikin leda, ba ya tashi sai an rufe ƙofa. Kowane zuwa sai ya sa wanda ya sallame shi ya rubuta masa kwanan wata a bayan takardar, har bayanta ya cika. A fadama albasa tana neman ban ruwa, wani sashe ya ƙone saboda rashinsa. Matarsa ta ce ya dubi abin da zirga-zirgar nan take ci. Ya ce ya gani, amma asarar kwando goma ta fi asarar sa sauƙi, kuma in ya biya harajin abin da bai karɓa ba, da hannunsa ya shaida an biya shi.

A zuwa na goma sha ɗaya, saura kwana tara wa'adi ya cika, ma'aji ya fito zai shiga mota ya tarar da shi tsaye a bakin ƙofa. Ya tambaya wane ne wannan da kullum yake ganinsa. Manomin bai yi dogon bayani ba, ya juya bayan takardar ya miƙa masa. Ma'aji ya ƙirga kwanakin, ya koma ciki. Layi biyu ya rubuta, cewa an amince da diyyar wane amma har yau ba a biya ba, ya sa hannu ya buga hatimi. Manomin ya sa aka yi masa kwafi, ya kai wa masu haraji, ya tsaya sai da ya ga an rubuta a gaban sunansa cewa an jingine harajin zuwa ranar da kuɗi suka shiga hannu.

Sai da aka yi damina biyu sannan kuɗin suka fito. Ranar da aka kira sunaye maƙwabcin nan ya tsaya har ƙarshe bai ji nasa ba, ashe jerin masu diyya ne aka goge shi a ciki, don daga nan masu haraji suke kwafa. Manomin kuwa ya karɓi nasa cif. Kafin ya sayi ko goro ya wuce ofishin haraji, ya ƙirga musu rabonsu, ya karɓi rasit. Da sauran ya sayi wata fadama a ƙetaren rafi, ruwan farko na sauka ya kai shanunsa biyu ya huɗe ta.

Shi ya sa Hausawa suka ce, mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.