Doguwar Inuwa a Gefen Baba

Na miƙa wa Umma hoton. Shi ne na ƙarshe da Baba ya ɗauka da 'ya'yansa kafin rasuwarsa. Ranar ban je ba. Na ce aiki ya yi mini yawa a shago, alhali ƙyuya ce kawai.

Haɗa hotuna sana'ata ce. Na yanko kaina daga wani hoton na dasa a gurbin da ke hannun daman Baba, gurbi daidai faɗin kafaɗuna. Inuwa ce ta ba ni wahala. Ta kowa ta miƙe doguwa a kan siminti, don haka na ja tawa, na karkata ta, na tausasa bakinta, na ƙara duhu a ƙarƙashin takalmina, har ta kwanta a gefen ta Baba kamar rana ce ta yi ta.

Umma ta sa tabarau, ta daɗe tana kallo.

"Ka iya aikinka," ta ce. "Har da inuwa."

"Ita ta fi cin lokaci, Umma. Duk dogaye ne."

"Dole su yi tsawo." Ta shafa wurin da yatsa. "Da tsakar rana mai hoto ya zo, inuwar kowa na ƙarƙashin ƙafarsa. Babanku ya ce a matsa a bar maka wuri, kana hanya. Haka muka yi ta jira har rana ta kusa faɗuwa."

Na sunkuyar da kai. Ashe tsawon jiran Baba na zauna ina aunawa.