Motar Da Ta Ƙi Mutuwa

Ƙanena Auta ba shi da zance sai na motarsa. Tsohuwar akori-kura ce mai shan gas. Ya sauya mata salansa, ya sa mata faffaɗan tayoyi, duk da haka kullum ƙorafinsa ba ta gudu. Ya ce saura turbo. Ni ban san turbo ba sai da na gan shi a tsakar gidana: wani ƙarfe ne mai kamar dodon-koɗi, wai shi ke hura wa inji iska.

Maigidana tsofaffin kayan mota yake sayarwa. Wata safiya na same shi a bakin famfo yana wanke wannan ƙarfen da fetur, baƙin mai na ta zuba daga cikinsa. Da ya bushe, ya riƙa cusa masa giris mai kauri da tsinke. Na ce, "Wannan fa?" Ya ce, "Farfelar da ke cikinsa ce ke ɗan rawa, in na cika ta sai ta tsaya." Na koma wankina. Ban ƙara tambaya ba.

Abin da ya faru a shago, daga baya ya gaya mini da bakinsa. Yana cikin rantse wa wani mai saye cewa turbon lafiyarsa lau, sai ga Auta ya faɗo.

"Haba Yaya, wata uku ina yawon neman wannan, ashe yana gidan yayata? Ka ba bare ka bar ni?"

"Kai tafi can, wannan ya fi ƙarfin gwangwaninka."

"Gwangwanin da ke kai matarka unguwa? Nawa ya taya? Na ƙara."

Mai sayen ya yi dariya ya ce ya bar wa suruki. Kuma bai tafi ba, ya tsaya duba wasu kaya. Maigidana ya kasa buɗe baki a gabansa ya ce yanzun nan a kan ƙarya ya rantse. Ya naɗe ƙarfen a jarida ya miƙa wa Auta. Abin da ya iya cewa kawai, "Kar ka matsa mata da yawa." Ya ce a ransa gobe zai kira shi. Goben ta zo, ya ji nauyi, ya ce jibi.

Bakaniken Auta ya taɓa farfelar da yatsa, ya ji ba ta motsi, ya ɗaura.

Rana ta uku da hantsi, Auta na kan hanyar kasuwa, injin ya ɗauki ƙara shi kaɗai. Zafi ya narkar da giris ɗin, baƙin mai ya riƙa kwarara cikin inji, injin yana shan sa maimakon gas. Auta ya gangara gefe, ya cire giya, ya zare makulli. Motar ta ƙi mutuwa. Farin hayaƙi ya rufe titi, mutane suka watse suna ce masa ya gudu.

Akwai mata masu sayar da kayan miya zaune dab da wurin, wata tsohuwa a cikinsu ta kasa tashi da sauri. Auta ya tuɓe rigarsa, ya ɗaga murfin inji zai toshe inda iska ke shiga. Injin ya fashe a fuskarsa.

Tsohuwar ko ƙwarzane ba ta yi ba. Shi kuwa bai kai asibiti ba. Shekararsa ashirin da shida, matarsa na da ciki wata biyar.

Mahaifiyarmu har yau ba ta san daga shagon wa ƙarfen ya fito ba. In maigidana ya je gaishe ta, sai ta riƙe hannunsa ta ce yanzu shi ne ɗanta namiji. Ina zaune a gefe ina ji. Maigidana kuwa ya rufe shagon, ba ya iya cin abinci in ina kallonsa. Ni ma da nawa laifin, don na gani da idona na yi shiru.

Jama'a masu sayar da kayan hannu, ku faɗi aibin abin da kuke sayarwa, ko da cinikin zai lalace. Duk wanda ya zo saye ƙanin wata ne. Wanda kuma ya ga ana rufe aibi, ya yi magana tun ƙarfen yana bakin famfo.