Igiyar Tsallena a Jikin Turmi

Ni tun ina ƙarama ba ni da zama. A aike ni ɗauko ludayi, in dawo da tsintsiya. Da ɗana ya taso da irin wannan hali, likita ya duba shi ya ce lalura ce, kuma guje-guje na sauƙaƙa ta, sai na tuna igiyar tsallena.

Malamar ajinmu ce ta ba ni, shuɗiya mai warin roba. In na yi tsalle har gumi ya jiƙa ni, kaina kan yi shiru, in ji karatu kamar kowa.

Ranar da za mu yi baƙi daga Bangi, ina tsakar gida ina tsalle don in natsu kafin su iso, Inna ta kira ni da tattausar murya.

"'Yar albarka, kawo in gyara miki bakinta, ya fara warwarewa."

Da gudu na kai mata. Ta zaunar da ni a tabarma, ta ɗaure ƙafata da ita a jikin turmi, ta ja zani ta rufe.

"Inna, ai tsallen ne ke natsar da ni!"

"Rufe min baki. Yau ba za ki kunyata ni ba."

Allah ya jiƙan Inna, duka da faɗa duk na yafe, amma tattausar muryar nan har yau tana min ciwo.

Baƙi suka shigo, wata ta dube ni ta ce, "Kai, yarinyar nan akwai natsuwa!"

Inna ta yi murmushi. "Ai haka take."