Kwana Arba'in na Bashari

Ranar da Bashari ya je Durun gaida mahaifin budurwarsa Sa'ada, Malam Nata'ala ya ɗaga hannu ya ja doguwar addu'a. Bashari ma ya ɗaga nasa, sai dai a cikin tafukan akwai waya, yana kallon ƙwallo. Da aka kai Fatiha ya shafa wayar a fuska, hancinsa ya taɓa wurin sauti, mai sharhi ya kurma ihu a tsakiyar zaure.

Malam bai yi faɗa ba. Ya gyara rawani, ya yi gyaran muryar nan tasa mai hawa uku.

"Malam Bashari, ba na ba da 'ya ga mai karyayyen wuya a kan waya. Kwana arba'in babu wannan fitina, sannan a sa rana."

Ya sa shi ya cire makullin wayar, wai amana ba ta son kwaɗo, ya jefa ta cikin gafaka tsakanin littattafai.

Washegari Bashari ya shiga kasuwar Gwarzo. Ya sayi 'yar ƙaramar kyamara, da tocila, da rediyo, da agogo mai ƙararrawa, da kalkuleta, da 'yar ƙaramar waya rakani-kashi don amsa kira kawai. Tela ya ƙara wa rigarsa aljihu huɗu. In yana tafe sai ka ji ƙaraurau, kamar mai koli ya yi tuntuɓe. A Getso aka tambaye shi lokaci, ya zaro tocila. Sau biyu ya kara kalkuleta a kunne yana sallama.

Amma wuyan ya miƙe. Ya gano ashe akwai tsamiya a ƙofar gidansu. Ya ɗauki hotonta, ya ɗauki gonar wake, ya ɗauki akuyar maƙwabta ta fuska shida.

Duk Juma'a yakan hau babur zuwa Durun, Malam ya caje aljihunan ɗaya bayan ɗaya. Idanun Malam sun yi ja, maƙwabta suka ce yawan tsayuwar dare ne. Ya sa an kafa masa 'yar sola a kan zaure, wai don muɗala'ar littattafai da dare. In zai buɗe shafi kuwa, sai ya riƙa tura takardar sama da babban yatsa. Bashari ya ce a ransa, tsufa kenan.

Ana saura kwana uku, Malam ya kawo shawarar a ƙara goma, saboda lada. Inna Barira, mahaifiyar Sa'ada, ta aiko daga cikin gida cewa an riga an jiƙa geron biki.

Ran arba'in zaure ya cika da iyaye. Malam ya jawo gafaka a hankali, kamar wanda za a cire wa haƙori. Bashari ya karɓi wayar da hannu biyu, ya yi mamakin albarkar littattafai: batir a cike taf.

Ya taɓa ta, sai ta nemi fuska kafin ta buɗe. Ya nuna tasa, ta ƙi. Ya cire hula, ta ƙi. Ya yi murmushi, ya murtuke, har ya karya wuyan kamar da. Ta ce ba ta san shi ba.

"Me ya same ta?" in ji Malam, ya leƙo ta kafaɗarsa.

Nan take wayar ta buɗe.