Ƙarar Tayar Hagu

Ina aji huɗu a firamare lokacin da tsohuwar fijon Baba, wadda yake jigilar fasinja da ita tsakanin Kibiya da Rano, ta fara ja gefe guda. Wata Juma'a bayan la'asar ya ce in shiga gaba, mu biyu kawai.

Da muka miƙe hanyar Tarai sai ya saki sitiyari. Motar ta sulale hagu a hankali, kamar akuya ta hango dusa. Ya kamo ta, ya ce, "Uwata, fasinja suna cewa gabanta yana ƙara. Ni kunnena ya yi nauyi, ba na ji. In 'yan tasha suka sani, sun daina ba ni lodi. Ki saurara mini."

Na runtse ido, warin baƙin mai da na tsohuwar kujera ya cika mini hanci. Ya faɗa rami da gangan.

"Ƙwas-ƙwas take yi," na ce ƙasa-ƙasa, don ko a aji ba na iya magana.

"Haba Uwata, da kurma fa kike!"

Na ƙwala da ƙarfi, "Ta ɓangarenka ne, Baba, can ƙasa!"

Ya tsaya gindin tsamiya, ya ɗaga motar da jak, ya girgiza tayar hagu da hannu biyu. Tana lilo. "Tayarod ne, ƙarfen da ke haɗa taya da sitiyari," ya ce yana dariya. "Gobe sai wajen bakanike."

Ya daɗe yana lodi a tashar, ba wanda ya gane kunnensa ya yi nauyi. Ni ma ban taɓa faɗa ba sai yau da ba ya raye. Allah Ya jiƙansa.